Hedimasta da Zaman Faɗin Kuskure

Da sunan Allah wanda Ya yanka wa kowane rai ranarsa, bai shawarci kowa ba. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka, taubashina, ɗan yayan mahaifiyata, wanda duk Rano da Kibiya ke kira Hedimasta, ya koma ga Ubangijinsa ranar Talata da hantsi. Ni na yi masa wanka, ni na ja sallarsa, domin haka ya bar wasiyya. Ban cancanta ba, kuma bayanin rashin cancantar nan shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwana uku muka yi a ƙofar gidansa muna karɓar gaisuwa, na ga masu kuka iri biyu. Ardon Fulanin da ke zaune a gefen Fassi ya zo tun rana ta farko, ya jingine sandarsa, ya ce da Fulatanci, "Allah yaafo mo," wato Allah Ya gafarta masa, ya zauna har la'asar. Da zai tashi sai ya dube ni ya ce, "Malam, yanzu wa zai riƙa karanta mana kwalba?" Wata Hajiya mai kemis a Madachi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shago da marayu, ta shiga wurin uwargidan marigayin, muna jin muryarta daga zaure tana cewa, "Shi kaɗai ne bai taɓa ce mini ke mace ce ba za ki iya ba."

Rana ta uku kuma motoci biyu suka tsaya. Ɗan ƙanwar marigayin ya fito, wanda shi ne yanzu shugaban ƙungiyar masu amfani da wata manhajar kwamfuta ta lura da kayan shago, tare da wakilin kamfanin da ya ƙera ta. Suka warware wani ƙyalle mai faɗi ɗauke da hoton marigayin, da tambarin kamfani wanda ya fi hoton girma. Suka ɗauki hoto da ƙyallen a gaban tabarmar makoki. Shugaba ya sanar cewa daga bana za a riƙa ba da lambar yabo da sunan kawunsa a babban taro na Kano. Mutane suka ce madalla. Ni kuwa na san shekara nawa rabon da wannan yaro ya tako ƙofar nan.

Ga wanda bai san shi ba, marigayi ya koyar a firamare har ya yi ritaya yana hedimasta, sannan ya buɗe shagon maganin dabbobi da irin shuka a Rano. Ni kuwa karatun zaure na yi, ina da ɗan shagon littattafan addini da zuma da man habbatussauda. Tun muna yara yake ce mini Shehi don tsokana, ni ina ce masa Bature. Shekaru kaɗan bayan dawowar mulkin farar hula da ƙaddamar da shari'a, lokacin da duk mai wa'azi ke magana kan gyara mudu da sikeli, babban ɗansa ya kawo masa tsohuwar kwamfuta daga Kano. A cikinta akwai manhajar da ke lura da kayan shago: abin da ya shigo, abin da ya fita, da ranar da kowane magani zai lalace. Idan ranar ta zo, sunan maganin sai ya koma ja.

Na je na same shi yana danna ta da yatsa ɗaya, gilashi a kan hanci. Na ce, "Bature, da tsufanka? Mala'ikun kabari ba za su tambaye ka wannan ba."

Ya ce, "Za su tambaye ni abin da na sayar wa Ardo, Shehi. Kai kam zumarka ba ta mutuwa, shi ya sa ka samu lokacin surutu."

Littafin bayanin manhajar da Turanci yake. Ya zauna ya fahimce shi shafi-shafi, ya rubuta abin da ya gane da Hausa a littafin makaranta. Masu kemis da masu sayar da taki da suka sayi manhajar daga dillalai a Kano, aka bar su da ita ba mai nuna musu hanya, suka fara zuwa wurinsa ɗaya bayan ɗaya. Da suka yi masa yawa sai ya roƙi aji ɗaya a tsohuwar makarantarsa, aka sa Asabar ta farkon kowane wata. Bayan kaka kuma a yi babban taro na yini guda, mutane su zo daga Zurgu da Madachi da Fassi da cikin Kibiya, kowa da kwamfutarsa a ɗaure bayan babur cikin bargo.

Taron ba shi da babban tebur, ba shi da babban baƙo, ba wanda ake biya. Wani ya kawo janareta, wani ya kawo mai, uwargida ta dafa dambu, Ardo ya zo da ƙwaryar nono ko da yake bai taɓa taɓa kwamfuta ba. In an tambaye shi me ya kawo shi sai ya ce, "Shanuna ne a cikin akwatin nan." An rataya labule a gefe ɗaya na ajin domin mata, kuma marigayi ba ya rufe magana sai ya juya ya ce, "Bayan labule, an gane?" Dokarsa ita ce wanda aka koya wa abu a wannan wata, shi zai koyar da shi a wata mai zuwa. Hajiyar Madachi ta zo ba ta san inda ake kunna na'urar ba. Sau uku yana hawa babur da rana tsaka ya je har shagonta, ya tsaya daga waje ta taga yana gaya mata abin da za ta danna. Cikin shekara biyu ita ke koyar da maza yadda ake kwashe bayanai a ajiye a wani wuri kafin na'ura ta lalace, muryarta na fitowa daga bayan labule, manyan alhazai na rubutawa.

Amma abin da ya bambanta taron da kowane taro shi ne zaman faɗin kuskure, kuma asalinsa daga kansa ne. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batiri kamar kwabo wanda ke riƙe mata kwanan wata idan an kashe ta. Nasa ya mutu bai sani ba. Na'urar ta koma shekarun baya, ta ɗauka har yanzu ana cikin tsohuwar shekara, don haka babu maganin da ya koma ja. Shi kuma ya riga ya saki jiki da ita, ya daina duba jikin kwalba. Ya yi mako uku yana sayar da maganin sammore, ciwon nan na shanu, alhali kwanan maganin ya wuce. Ranar da ya gano, ya rufe shago, ya bi rugage ɗaya bayan ɗaya yana karɓo kwalabe yana musanyawa. Da Asabar ta zo, kafin a fara komai, ya miƙe ya cire hularsa ya ce:

"Ni Hedimasta na yi kuskure. Ga yadda na yi shi. Ga wanda ya cutu. Ga yadda za ku kauce masa."

Daga ranar, da wannan ake buɗe kowane zama bayan addu'a. Duk wanda ya yi kuskure ko ya ga aibi a manhajar cikin watan, zai miƙe ya faɗa da waɗannan jimloli huɗu, marigayi ya rubuta. Kuma kowane zama, ko da baƙo ɗaya ne a ciki, sai ya maimaita labarin batirin. Yakan ce, "Bayan bisimilla, duba kwanan wata. Sannan ka duba kwalba. Na'ura ba ta da tsoron Allah, kai ne kake da shi." Littafi uku ya cika da kurakuran mutane, nasa ya fi na kowa yawa.

A nan ne muka saɓa. Ni ke buɗe musu taro da addu'a, daga baya ma na sa manhajar a shagona. Amma zaman nan bai kwanta mini ba. Na ce masa addini ya yi umurni da sutura; wanda Allah Ya rufa wa asiri ba ya tona kansa, kuma bai kamata dattijo ya tsaya gaban 'ya'yan cikinsa yana lissafa gazawarsa ba.

Ya ce, "Shehi, malaman hadisi da kake karantar da mu, ba su ne ke cewa wane mutumin kirki ne amma yana da mantuwa, kada a karɓi ruwayarsa ba? Gulma suka yi?"

Na ce, "Wannan domin kare addini ne."

Ya ce, "To wannan domin kare saniyar Ardo ne. Zunubin da ke tsakanina da Allah zan ɓoye shi. Ramin da na faɗa a kan hanyar jama'a kuwa, in na rufe shi da tabarma na yi shiru, sunan wannan sutura?"

Na san a ranar ya fi ni hujja. Na riƙe abin a raina shekaru, kamar yadda mai ilimi ke riƙe kayen da ɗan boko ya yi masa a gaban mutane.

Sai taron ya yi suna, labari ya kai kamfani. Suka aiko wakili da tayi: za su ɗauki nauyin babban taro, a mayar da shi otal a Kano, da majigi da abinci da jaka da takardar shaida ga kowa. Sharaɗinsu ɗaya ne. A daina zaman faɗin kuskure, domin a cewarsu yana ɓata sunan kaya. Mai ƙorafi ya kira lambar ofis a asirce. Ɗan ƙanwarsa, wanda marigayi ya koya wa riƙe linzamin kwamfuta da hannunsa, shi ya tsaya kai da fata a karɓa.

Aka taru a ajin nan. Marigayi ya ce, "Ku je Kano, ku ci kaza, ban hana ba. Amma kada ku sayar da bakinku." Mutane suka rabu, har na ga kamar nasa za su rinjaya. Sai ɗan ƙanwarsa ya juyo gare ni ya ce, "Baba Malam, kai ne malaminmu. Me addini ya ce game da tona asiri?"

Ya san abin da yake yi, ni ma na sani. An riga an gaya mini cewa ni zan buɗe taron Kano da addu'a, a kan kujerar gaba. Na gyara rawani na yi bayani mai tsawo kan falalar sutura, da nassi da misali, ban bar komai ba sai amsar da taubashina ya ba ni shekarun baya, wadda na san ita ce gaskiyar mas'alar. Da na gama babu wanda ya iya ɗaga murya, domin wa zai yi jayayya da nassi a shekarun nan? Daga bayan labule kawai na ji Hajiya ta ce, "Allah Ya kyauta." Marigayi ya dube ni ta saman gilashi, ya yi murmushi, ya ce, "Shehi, yau ka rama." Ya tattara littattafansa uku ya sa a jaka.

Sau ɗaya ya je taron Kano. A ƙofa wata ma'aikaciya ta duba takarda ta ce babu sunansa, ya tsaya a rana har sai da wani ya gane shi. Da Turanci aka yi komai daga farko har ƙarshe. Ina zaune a gaba da ruwan roba a gabana, ina hango shi can baya. Da aka zo tambayoyi ya ɗaga hannu ya ce yana so ya gaya wa sababbi labarin wani ɗan batiri. Ɗan ƙanwarsa ya karɓi lasifika ya ce, "Kawu, a yi haƙuri, lokaci ya ƙure, za mu shiga rabon kyaututtuka." Aka tafa. Hajiyar Madachi ba ta je ba ko sau ɗaya; wa zai bar ta ta kwana a otal, wa zai riƙe mata shago da yara? Ardo kuwa ba a gayyace shi ba, tunda ba shi da lambar rajista.

Marigayi bai daina zuwa ajin ba. Kowace Asabar ta farkon wata zai share shi da kansa, ya jera benci, ya rataya labule. Da farko mutum goma, sannan biyar, sannan shi da Hajiya, labule a tsakaninsu, suna faɗa wa juna kuskure. Waɗanda suka sayi manhajar daga baya ba su ga dalilin zuwa aji mai ƙura ba alhali ga taron da ake ba da jaka. Ni ma ban koma ba. Kunya ta hana ni, na kira ta da sunan yawan karatu.

Bara da damina sammore ya shiga garken Ardo. Shagon marigayi na rufe saboda ciwon da ya kwantar da shi, sai Ardo ya sayi magani wurin wani magidanci da ya buɗe sabon shago a Kibiya, mai takardar shaidar Kano har biyu a bango. Mutumin ba macuci ba ne. Ya duba na'ura, bai ga ja ba, ya miƙa. Batirinsa ya mutu, kuma a duk tarukan da ya halarta babu wanda ya taɓa gaya masa akwai wani batiri. Aka yi wa shanu allura, magani bai kama ba, kafin a gane an makara. Ardo ya rasa shanun da ya gada daga mahaifinsa, har da wadda ya ware domin auren 'yarsa.

Na je duba marigayi bayan wannan. Ya rame har zoben hannunsa na zamewa. Na zauna ina jiran ya faɗa mini abin da na cancanta, na ma fi son ya faɗa. Sai ya ce, "Shehi, ka zo da zuma ko wa'azi kawai ka kawo?" Muka yi dariya. Sannan ya ce, "Yaron Kibiyan nan, kada a zage shi. Ba a gaya masa ba ne." Bai ambaci ranar da na gyara rawani na kayar da shi a aji ba, a ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na samu abin da zan kare kaina da shi. Bai ba ni ba.

Bayan addu'ar uku, ɗan ƙanwarsa ya ja ni gefe ya ce, "Baba Malam, littattafan nan uku na Kawu, muna so a ba mu. Za mu sa su cikin akwatin gilashi a ƙofar zauren taro, mutane su gani."

Na ce, "A buɗe ko a rufe?"

Ya ce, "A rufe mana, Baba, don kada su lalace. Ka san kuma akwai abubuwan da kamfani..."

Na ce, "Na sani."

Uwargida ta riga ta ba ni su tun daren farko da ta iya magana. Ta ce, "Ya ce a ba taubashinsa, wai shi ya san inda ya ajiye sauran maganar." Na gaya wa yaron ba zan bayar ba. Ya ce zai sa manya su yi mini magana. Na ce ya sa. Ku kuma masu taron Kano, ku ba da lambar yabonku, ku buga hotonsa ƙarƙashin tambarinku. Mutumin da kuka hana minti biyar yana da rai, yanzu da ba zai iya ɗaga hannu ba kun same shi yadda kuke so.

Asabar ta farkon watan da ya biyo baya na je makarantar. Na share ajin, ban iya ba sosai, ƙura ta sa ni tari. Na rataya labule. Na aika wa mutum fiye da talatin. Huɗu suka zo. Hajiya, da Ardo, da wani tsohon mai sayar da taki daga Zurgu, da mutumin Kibiya, wanda ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa saboda ya ga Ardo. Na yi addu'a. Sannan na miƙe, na cire rawanina na ajiye a kan benci, abin da ban taɓa yi a gaban jama'a ba tun da aka naɗa mini shi, na ce:

"Ni Malam na yi kuskure. Ga yadda na yi shi: an tambaye ni hukunci, na faɗi rabin da ke taimakona, na ɓoye rabin da ke taimakon ɗan'uwana, domin in rama kaye kuma in zauna a kujerar gaba. Ga wanda ya cutu: marigayi, da Ardo, da wannan bawan Allah da ke tsaye a ƙofa. Ga yadda za ku kauce masa: idan malami ya kawo muku nassi a kan abin da yake da rabo a ciki, ku tambaye shi sauran."

Mutumin Kibiya ya shigo, ya cire hularsa, ya faɗi nasa yana kuka. Na buɗe littafi na uku, na sami inda rubutun marigayi ya tsaya, na rubuta biyun a ƙarƙashinsa. Daga bayan labule Hajiya ta ce, "An gane."

Da muka fito Ardo ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ɗauki sandarsa, ya dube ni, ba da fushi ba, ya ce, "Malam, maganarka ta yi kyau. Da a wancan zaman ka yi ta, da shanuna suna nan, da shi ma ya ji da kunnensa."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba zan nemo wa kaina uzuri ba.

Ya Allah, bawanKa ya tona kansa a duniya domin kada wani ya cutu. Ka suturta shi ranar da asirai ke bayyana. Ka yalwata masa makwanci, Ka ba uwargida da 'ya'yansa haƙuri, Ka mayar wa Ardo da abin da ya fi wanda ya rasa. Ni kuma Ka bar ni da ƙarfin share aji ɗaya sau ɗaya a wata, har ranar da zan je in faɗa masa da bakina.